Kaset ɗin da Muka Bi Har Tsafe

Ni mutum ne mai son fim ɗin yaƙi. Tun ina koyon ɗinki a Gusau, in aka sa fim aka yi minti goma ba a harba bindiga ba, ko ba a ɗaga ƙafa an tokari wani ba, sai in fara hamma. Da na buɗe shagona a Tudun Wada na yi aure, abin da na fara saya bayan keken ɗinki shi ne tsohon bidiyo ɗan gwanjo, da ƙaramin talabijin wanda sai an ɗan mari gefensa kafin launi ya zo.

Abin da nake so a bayyane yake. Ina son na Turawa, wanda ake tura sojoji bakwai ko takwas cikin daji su ƙwato wani, a riƙa ɗauke su ɗaya bayan ɗaya har a bar jarumin shi kaɗai. Ina son na Canis, musamman inda tsoho mai farin gemu yake wahalar da ɗalibinsa da ɗibar ruwa da tsayuwa a kan ƙafa ɗaya, don na san wahalar nan za ta yi rana. Ina son mugu ya cika mugu. Bos, wato babban mugun fim, in bai ba ni tsoro ba to kashe shi ba ya yi mini daɗi. Turancina kaɗan ne, yaren Canis kuwa ko kalma ɗaya ban sani ba, amma ban taɓa ɓata a labari ba. Kiɗa yana gaya maka wanda zai mutu tun kafin a harbe shi, kuma duk sojan da ya ciro hoton matarsa ya nuna wa abokinsa, ka fara yi masa addu'a kawai.

Abin da ba na so ya fi yawa. Ba na son na Indiya, duk da matata ta haddace waƙoƙinsu ba tare da ta san ma'anar ko ɗaya ba. An kashe wa mutum uba, maimakon ya nemi wanda ya yi, sai ya hau dutse ya canza riga sau huɗu yana waƙa. Ni tela ne, ina lura da rigunan, har na kwaikwayi wuyan wasu na ɗinka wa samari, amma wannan bai sa na yafe musu awa ukun da suke ci mini ba. Ba na son mutum ya sha harsashi a ƙirji sannan ya kwanta a cinyar uwarsa ya yi wasiyya mai tsawon huɗubar Juma'a. Ba na son a nuna mini abu har ya shiga raina, daga baya a ce ashe mafarki ne. Na Hausa da suka fara shigowa daga Kano a shekarun nan ina kallonsu, don ina jin abin da ake faɗa, kuma masu barkwancin cikinsu suna ba ni dariya, sai dai iska takan cinye rabin maganar, kuma daidai inda labari ya ɗau zafi sai a rubuta maka a tari kashi na biyu. Fiye da duka, ba na son zama kusa da wanda ya riga ya ga fim. Na taɓa tashi na bar gidan kallo saboda wani da yake taɓa mini gwiwa yana cewa in lura, yanzu za a kashe wancan.

Wanda muka fi yin gardama da shi a kan wannan shi ne yayana, ɗan farin Innarmu, wanda soja ne. In ya zo hutu ya sauka wurina na sa masa fim ɗin da nake alfahari da shi, sai ya yi ta dariya yana tambayata wace irin bindiga ce wannan da ba ta ƙarewar harsashi. Shi barkwanci yake so. In na matsa masa ya gaya mini yadda abin yake a zahiri, sai ya ce in ƙara masa shayi.

A farkon shekarar casa'in da takwas aka tura su Saliyo aikin kwantar da tarzoma. Ya kawo matarsa da 'yarsu mai shekara biyu gidanmu na Bungudu, wurin Inna, don mahaifinmu ya daɗe da rasuwa. Wasiƙa biyu ta zo a watannin farko, ni na karanta musu. Daga nan shiru. Inna ba ta taɓa tambayata labarinsa ba, don ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa. Amma matar yayan ta gaya mini cewa duk safiya da yamma Inna takan sami abin yi kusa da rediyo, ko tsince wake ko kaɗi, har a gama labaran duniya.

Ni kuwa, ba zan ɓoye ba, tafiyar tasa ƙara mini son finafinan nan ta yi. In ana harbi a talabijin sai in ce wa abokaina yayana yana can cikin irin wannan, ina jin kaina yana girma.

Damina ta yi nisa, ana tsakiyar noma, wani direban motar Bungudu ya tsaya ƙofar shagona da hantsi, bai kashe mota ba, ya ce Inna ta ce in zo yau. Na tambaye shi ko lafiya, ya ce shi dai saƙo aka ba shi. Bai kalle ni ba da yake faɗa. Na bar riga a ƙarƙashin allura na rufe shago.

A zauren gidanmu na tarar da mahaifin matar yayana. Dattijo ne manomi daga Rawayya, siriri, mai ƙarancin magana, kuma irinsa ba ya barin gona a wannan lokaci sai da babban dalili. Takalmansa na roba suna bakin ƙofa da danyen taɓo. Bayan mun gaisa ya gaya mini abin da ya kawo shi. Wani mai sayen hatsi na garinmu ya faɗa a majalisa cewa ya ga wani kaset a Gusau, ba na wasa ba, na yaƙin Saliyo na gaskiya, kuma a ciki ya ga yayana an ɗauko shi a kan ƙyauren ƙofa jina-jina. Kafin maganar ta kwana biyu ta isa Rawayya, kuma a hanya ta zama rasuwa.

Na shiga cikin gida. Mata huɗu ko biyar na maƙwabta suna zaune a tsakar gida, ba gaisuwar mutuwa suka zo yi ba, amma irin zamanta suke yi. Matar yayana tana bakin ɗakinta da yarinyar a cinya, kunnenta ɗaya da ɗan kunne, ɗayan babu. Daga baya na ji cewa wata tsohuwa ce ta ce wa matar ta cire don takaba, ta cire ɗaya, Inna ta fito ta ce kada ta kuskura ta taɓa na biyun. Inna tana bakin murhu tana gyara itacen da ba ya buƙatar gyara. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa, ta tambayi matata, ta tambayi aiki. Sannan ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Kai ka san kan abin nan da a ka kallo. Tahi ka gano muna."

Na sa aka kira mai hatsin. Da ya ga dattijon Rawayya a zaune sai maganarsa ta yi laushi. Ya ce shi bai ce ya rasu ba, mutane ne suka ƙara. Ya ce daga baya ya tsaya, ta kan mutane ya hango, kuma kama ce ya gani, Allah kaɗai Ya san gaibu. Na ji kamar in shaƙe shi. Na tambaye shi inda ya gani, ya kwatanta mini wani shagon hayar kaset kusa da kasuwar Gusau, wanda na sani sarai don a nan nake karɓar nawa.

Dattijon ya ce gobe tare za mu tafi. Na yi ƙoƙarin hana shi. Na ce abin ba daɗin gani gare shi ba, na ce zan dawo in gaya masa komai yadda yake. Na san bai taɓa zama gaban talabijin ba a rayuwarsa, kuma yana cikin masu ganin kallo aikin banza ne. Ya saurare ni har na gama.

"Ɗiyata ce za a ce ta shiga takaba," ya ce. "Ba ni sa ta bisa an ce. Mu tahi."

Da sassafe muka isa Gusau. Mai hayar kaset yana ganina da tsoho a bayana ya gane ba fim ɗin Canis na zo nema ba. Ya ce kaset ɗin ba nasa ba ne. Wani direban babbar mota ne da yake zuwa kudu ya kawo shi, aka kalla kwana uku a bayan shagon, sannan ya ɗauke shi ya kai wa ɗan'uwansa da yake da gidan kallo a Tsafe. Na tambaye shi ko shi ya ga wurin da ake magana, tunda ya san yayana. Ya ce bai iya kallonsa har ƙarshe ba. Ya ce mini, a hankali yadda dattijon ba zai ji ba, in ba dole ba ne kada in je.

Shekarar wahalar mai ce. Muka zauna a tasha tun hantsi har rana ta kusa tsakiya kafin a sami motar da za ta yi hanyar Tsafe, aka cusa mu a gaba tare da wasu mutum biyu. Dattijon yana jikin ƙofa da carbinsa, gwiwarsa tana gugar tawa. Har muka wuce rabin hanya yana kallon gonakin mutane, gero ya kai ƙugu. Can sai ya juyo ya tambaye ni, wai ya ji an ce a cikin abin nan namu mutum yakan mutu yau, gobe a gan shi a wani yana yawo. Na ce haka ne, wasa ne, jan ruwa ake shafa musu.

"To wanga da za mu gani, irin shi na?"

Na ce a'a, Baba, wannan an ce na gaske ne. Ya gyaɗa kai ya koma ga carbinsa. Can muka hango duwatsun Tsafe.

Gidan kallon yana bayan tasha, rumfar kwano ce da aka kewaye da buhuna, da bencuna shida ko bakwai. Mai shi mutum ne mai jiki, mai fara'a, amma da ya ji abin da muke nema sai fara'ar ta tafi. Ya ce ya daina nuna shi. Sau biyu ya sa, manyan unguwa suka kira shi suka yi masa faɗa, shi ma kuma bai ga laifinsu ba. Na gaya masa ko mu su wane ne da abin da aka faɗa a garinmu. Ya dubi dattijon, ya cire hularsa ya sosa kai, ya shiga gida ya fito da kaset ɗin a cikin baƙar leda. Ko rubutu babu a jikinsa.

Sai kuma ga shi babu wuta, janareta kuma babu mai. Na ɗauki galan na bi titi har na sami 'yan bumburutu masu sayar da mai a bakin hanyar Funtuwa. Ina dawowa na ga hadari ya haɗu ta gabas, baƙi ƙirin, iska ta fara kaɗa buhunan rumfar. Na tarar dattijon ya yi sallar Azahar a kan buhu, ya zauna a bencin gaba ya miƙe bayansa kamar wanda aka kira gaban alƙali. Na yi tawa da sauri. Mai gidan kallon ya ja igiyar janareta sau biyar kafin ya tashi, ya saki labulen ƙofa don kada kowa ya shigo, ya tura kaset.

Na ga ɗaruruwan finafinan yaƙi kafin ranar, kuma ba abin da suka koya mini da ya yi amfani a minti na farko. Babu kiɗa. Babu wanda za ka ce shi ne jarumi. Hoton ya sha kwafi har launinsa ya koɗe, mai ɗaukar kuma gudu yake yi, sai ka ga ƙasa, sai ka ga sama, sai bangon wani gida da ya ƙone. Harbin ma ba irin wanda na sani ba ne, ƙaramin sauti ne kamar ana fasa busasshen kara. Mutane suna gudu da kaya a ka. Akwai waɗanda suke kwance a gefen titi, kuma hoton bai tsaya a kansu ba, wucewa kawai ya yi kamar ba mutane ba. Akwai abubuwan da na gani a wannan rana da ban taɓa gaya wa matata ba, kuma ba zan rubuta su a nan ba. Ruwa ya sauko a kan kwanon da ƙarfi har ya rufe sautin gaba ɗaya, muka koma kallon bakuna suna buɗewa ba ma jin komai.

Dattijon bai motsa ba. Na saci kallonsa sau ɗaya, na ga ba ya iya bin hoton, idonsa yana zuwa wuri bayan abin ya riga ya wuce. Sai na gane ba allon yake kallo ba sosai, ni yake kallo ta gefen ido.

Mai gidan kallon ya ɗaga hannu ya ce mu lura, nan ne. Sojoji huɗu suka fito daga bayan wata mota a sunkuye, suna ɗauke da ƙyauren ƙofa, mutum a kwance a kai. Kakinsu irin na mutanenmu ne. Wandon na kwancen ya jiƙe baƙi daga ƙugu zuwa gwiwa. Suka zo daf da mai ɗaukar hoto, kan mutumin ya juyo, ƙiftawar ido ɗaya, suka wuce.

Goshin na yayana ne. Tsawon nasa ne. Amma yayana yana da bille a kuncin hagu, kuma kuncin dama ne ya juyo mana.

Na ce a mayar baya. Aka mayar. Wannan karon na ga kamar hancin ya fi nasa faɗi. Na ce a sake, a tsayar da hoton daidai inda ya juyo. Da aka tsayar sai layuka suka hau rawa a kan fuskar, ta zama ba ta kowa ba, duhu da haske kawai. Na tashi na matsa har numfashina yana taɓa gilashin. Mai gidan kallon ya ce zaren kaset ɗin ya tsufa, kada mu matsa masa. Na ce sau ɗaya kawai. Ya mayar, ya saki, a wannan karon ban kalli fuskar ba, na bi jikin da ido tun daga ƙafa. A nan na ga hannun. Hannun dama yana riƙe da bakin ƙyauren, yatsun a lanƙwashe, kuma da masu ɗaukar suka yi tuntuɓe sai riƙon ya ƙara ƙarfi.

Na buɗe baki in ce a sake, sai hoton ya karkace, bidiyon ya yi wani ƙara kamar ana tauna takarda, allon ya koma shuɗi. Mai gidan kallon ya yi salati ya kashe. Ya ciro kaset ɗin da zare yana binsa, a cukurkuɗe, ya tattare kamar ganyen da wuta ta lasa. Ya ce zai iya yankewa ya haɗa da salatif, amma wurin nan dai ya tafi. Ban iya ba shi haƙuri ba ma a lokacin. Ya fita ya kashe janareta, ya bar mu mu biyu da ƙarar ruwa.

"Shi na?" in ji dattijon.

Na san duk abin da na faɗa shi za a ɗauka a kai Bungudu da Rawayya, kuma babu sauran wanda zai iya dubawa ya ƙaryata ni. Na so in ce ba shi ba ne, kalmar tana bakina. Na dubi tsohon nan da ya bar gonarsa ya zauna a wurin da yake ƙyama, na kasa.

Na ce, "Baba, wallahi ban sani ba. Na gani sau huɗu, sau biyu shi ne, sau biyu ba shi ba. Amma ko wane ne, da ransa aka wuce da shi. Yana riƙe da ƙyauren. Gawa ba ta riƙo."

Ya tambaye ni ko na tabbata da hannun. Na ce da wannan kam na tabbata. Ya yi ta juya carbi har ruwan ya fara tsagaitawa. Sannan ya ce abin da ba a tabbatar ba ba a sa mace takaba a kansa, kuma ba a kai wa uwa rabin magana. Ya ce in mun isa in bar shi ya yi bayani, ni in yi shiru.

Mun isa Bungudu ana kiran Magariba, a jiƙe. Ya tsaya daga bakin ƙofar tsakar gida, kamar yadda ya kamaci suruki, ya ɗaga murya yadda matan maƙwabta za su ji. Ya ce ya je da ƙafarsa ya gani da idonsa, babu gawar kowa nasu a cikin abin nan, kuma duk wanda ya ƙara kawo wannan magana gidan nan ko Rawayya, shi da shi ne. Bai yi ƙarya ba, na lura, ko kalma ɗaya. 'Yarsa ta sa fuska a cikin mayafi. Inna ta ce an gode, Allah Ya saka, ta sa aka kai masa tuwo zaure. Da na zo yi mata sallama washegari ta riƙe ni da ido ɗan lokaci, na sunkuyar da kai. Ba ta tambaya ba.

Sati na gaba na je barikin da suka tashi daga ciki. Wani ma'aikacin ofis ya duba takardun da ke hannunsa ya ce sunan yayana ba ya cikin waɗanda aka aiko da labarinsu, in yi haƙuri, wasiƙa tana wahalar fitowa daga can. Na kai wannan labari gida, aka ɗan sami abin riƙewa. Ni kaɗai nake yawo da goshin nan da hannun nan a kaina. Ina taka keke sai in ga na tsaya, allura a cikin yadi, ina sake juyo da fuskar.

Wata guda ban kunna bidiyo ba. Ranar da na gwada, na karɓo irin wanda na saba, na sojoji a daji. Lafiya lau har aka zo inda aka harbi ɗaya abokansa suka ɗauke shi, sai aka saki wani kiɗa mai taushi, aka rage gudun hoton, fuskarsa tsaf da ɗan jini a gefen baki kamar an ɗiga masa da cokali. Haushi ya kama ni irin wanda ban san ina da shi ba. Na cire kaset ɗin na mayar a ranar. Na Canis na ci gaba da kallo jefi-jefi, don su duka ne da tsalle, kowa ya san wasa ne. Sai kuma na barkwancin Hausa, waɗanda a da nake ɗauka na cike lokaci ne.

Bayan an yanke gero matar yayana ta kawo yarinyar asibiti a Gusau, ta sauka wurinmu kwana biyu. Da rana na dawo cin abinci na tarar ita da matata sun sa na Indiya. An zo wurin waƙa, wata mace tana tsaye a tashar jirgi tana rerawa, matar yayana kuwa kuka take yi, ba ƙaramin kuka ba, har kafaɗunta suna rawa. A Bungudu, a gaban Inna, ban taɓa ganin hawayenta ba. Na nufi talabijin zan kashe, matata ta girgiza mini kai. Na ɗauki kwanona na koma shago na ci a can. Har yau ba na son waƙoƙin nan, kuma har yau ina ganin sun yi tsawo, amma na daina yi wa matata tsiya a kansu.

Ana saura kwanaki a ɗauki azumi, ina yanka wani yadi da la'asar, aka yi sallama a ƙofar shago. Na amsa ban ɗago ba, na ce a shigo. Aka ce, "Tela, ba ka da shayi?"

Yayana ne. Ya rame har kakin ya yi masa yawa, yana dogara sanda. Ban san lokacin da na zagayo teburin ba, almakashin ma a hannuna na rungume shi. Muka ɗauki shatar mota zuwa Bungudu a ranar. Yara suka riga mu shiga gida da ihu. Matarsa ta fito da gudu ta tsaya cak a tsakiyar gida, ta rasa abin yi, sai ta koma ta ɗauko yarinyar ta miƙa masa, yarinyar ta ƙi shi. Inna kuwa tana jin muryarsa ta shige ɗaki ta saki labule. Ya je bakin ƙofar ya durƙusa da ƙyar, ƙafar a miƙe, ya gaishe ta. Daga ciki ta amsa, ta ce an dawo lafiya, ta ce a ba shi ruwa. Muryarta ba ta fita sosai. Da ta tambayi dalilin sandar, ta bakin matarsa, ya ce daga mota ya faɗo.

Kwana uku bayan nan na raka shi Rawayya gaida surukinsa. A hanyar dawowa ya ce mu sauka kafin gari, yana son ya taka, likita ya ce ya riƙa takawa. Muka bi gefen gonaki a hankali, an gama girbi, shanun Fulani suna cin kara. A nan na ba shi labarin kaset ɗin, tun daga mai hatsi har zuwa Tsafe. Bai katse ni ba. Da na zo kan ƙyauren ƙofa sai ya tsaya.

Ya ce shi bai ga wani mai ɗaukar hoto ba, ba ya cikin hayyacin da zai gani. Ya ce kuma ba shi kaɗai aka ɗauka a kan ƙyaure ba, a unguwar da suka yi wannan faɗa kusan babu gidan da aka bar wa ƙofa. Ya tambaye ni wace ƙafa ce ta jiƙe. Na rufe ido na duba, na ce ta dama. Ya waiwaya ya ga babu kowa sai shanu, ya miƙa mini sandar, ya sassauta mazagin wandonsa ya nuna mini. Tabo ne mai zurfi a saman cinyar dama, da wani ƙarami a baya inda abin ya fita, naman wurin ya tattare.

Ya ɗaure wandonsa ya karɓi sandarsa. Ya ce matarsa ta sani, ba yadda za a yi ta rasa sani, amma kada in gaya wa Inna. Na ce to. Muka ci gaba da tafiya, yana tambayata farashin da gero ya yi bana da wanda ya sayi gonar da ke gabas da tamu.

Bayan sallah ya ɗauki iyalinsa suka koma bariki, aka ba shi aikin ofis. Inna ta rayu shekara tara bayan nan, kuma har ta koma ga Allah, in maganar ƙafar ta taso, cewa take yi ai shi wancan tun yana ƙarami bai iya hawan mota ba.